Ranar da Na Fasa Tafkina Saboda Lester

Ni na fara ganin ta. Duk wanda ya gaya maka wani abu daban, to ko dai ba ya nan ranar, ko kuwa yana can cikin ɗakin ƙasa, wato maɓoyar ƙarƙashin gida, ya ƙanƙame matarsa. Tun kafin jiniyar gari ta yi kuka, tun kafin mutumin talabijin ya fara haki yana nuna taswira, tun kafin 'yan farautar guguwar nan su cika mana hanya da motocinsu masu ƙahoni, ni Orval Hinshaw ina tsaye a barandata da kofi a hannu, ina kallon gindin hadari yana juyawa a kan gonar alkamar maƙwabcina Lester Kubik.

Na san guguwa, guguwa ta san ni. Ta farko ina aji uku ta yaye rufin makarantarmu, shi ke nan ban sake komawa ba. Mutane suna cewa na gudu daga karatu. Ƙarya ne, guguwa ce ta sallame ni. Tun daga nan, a duk faɗin yammacin Oklahoma, babu wadda ta wuce ban tsaya na dube ta ido da ido ba.

Matata Wilma ta leƙo daga bakin ɗakin ƙasa, gashinta duk ya miƙe.

"Orval! Za ka sauko ne, ko sai ka mayar da ni bazawara da tsufana?"

"Tsohuwa, bari in ƙarasa kofina."

"Kofin naka ya ci gidansu! Sauko nan!"

Ban sauka ba, shi ya sa na ga abin da na gani. Guguwar ta sauko baƙa ƙirin, ƙafarta ta taɓa ƙasa, ta nufi gidan Lester kai tsaye kamar an aike ta. Gidan ya shige cikinta. Can sai ga wani abu shuɗi ya fito daga sama, yana juyi a hankali, ya zo ya faɗa tsakiyar tafkina, ruwa ya yi tsalle sama da itatuwa. Na san shuɗin nan. Bangon kicin ɗin Opal ne, matar Lester, ita kaɗai ke da irin fentin a yankinmu.

Daga nan rumbuna na katako, inda nake ajiye ciyawa da shanu, ya fara tashi, sai na ji an damƙi bel ɗina ta baya. Ina so a sani: ba gudu na yi ba, Wilma ce ta ja ni.

Da guguwar ta wuce, na haye a-kori-kurata na nufi gidan Lester. Babu gida. Daɓen siminti ne kawai da tarkace, sai bahon wanka a tsakiya an kifa masa katifa. Gwiwoyin Opal sun daɗe ba sa iya matattakalar ɗakin ƙasa, don haka Lester ya sa ta cikin bahon, ya kwanta a kanta, ya ja katifa. Na ɗaga katifar. Sai ga idon Opal a buɗe.

"Orval, ka tsaya kana kallona kamar saniya. Ɗage min tsohon nan daga kaina, ya fi gidan nauyi."

Lester ko ƙwarzane bai yi ba. Ita kuwa ƙugunta ya karye, motar asibiti ta tafi da ita birni. Muka kawo Lester gidanmu, tunda namu rufi kawai ya ɗan yage.

Kun san halinmu. Ba ma jiran kowa. Gari na wayewa aka yi gayya, maza da taraktoci, mata da soyayyar kaza da burodin masara, 'yan coci suka jeru suna bin gonaki suna tsince kwano da ƙusa, don kada su shiga injin girbi, alkama ta kusa nuna. Ni na zo da katafilata. Na tattare tarkacen gidan Lester kaf, na tura cikin rami, muka cinna wuta. Sannan na sauke bakin katafila a kan daɓen na kankare shi tas, sai ka ce faranti. A ganina, in Opal ta dawo kada ta ga abin da zai sa ta kuka. A tambayi kowa, ba a taɓa share fili da sauri irin na ranar ba.

Washegari sai ga mai ba da maki, wato mai auna ƙarfin guguwa ta ba ta lamba. Daga ofishin yanayi aka turo ta, sunanta Marcy Tolbert, wata doguwa mai takalmin roba da hular rana. Ta sauko daga mota, ta tsaya a gaban daɓen.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, 'yata. Ba sai kin gode ba."

Ta tsuguna, ta shafa simintin, ta yi wata dariya mai kama da kuka.

"Baba, ka goge min shaida. Mu ba iska muke aunawa ba, iska ta riga ta tafi. Ɓarna muke dubawa, mu ga yadda aka gina abin da ta rushe. In gidan an ɗaure katakon gindinsa da noti cikin siminti amma duk da haka ta share shi, to babbar guguwa ce, maki huɗu ko biyar. In kuwa ƙusa kawai aka buga, ƙaramar ma za ta iya. Yanzu ga ramuka da ɓantarar gefe, amma ban san wanne na iska ba ne, wanne na katafilarka."

Wani cikin 'yan farautar, mai gemu da tabarau, ya matso yana cewa na'urarsu ta auna iskar da za ta iya ɗaga jirgin ƙasa. Ta ce masa ta ji, za ta ambata, amma maki daga ƙasa yake fitowa ba daga sama ba.

Na ce to, abu mai sauƙi, zo ki ga rumbuna. Rumbun da na gina da hannuna, in guguwa ta kayar da shi, ai biyar ma ta yi kaɗan.

Ta zagaya inda rumbun yake, ta ɗaga katako, ta juya shi.

"Baba Orval, da me ka ɗaure shi da ƙasa?"

"Da nauyinsa."

"Shi ke nan?"

"Da addu'ar Wilma."

Wilma, da ke bayanmu da jug na shayi mai ƙanƙara, ta ce, "Ni ban taɓa yi wa rumbun nan addu'a ba. Shanun da ke shiga ciki nake yi wa."

Marcy ta ce rumbuna maki ɗaya ya isa ya kwantar da shi, kuma ta yi mini kara ne. Ta bi turakun lantarki da itatuwan bakin hanya, ta ce a abin da ta gani da idonta, guguwar ta tsaya a biyu. Gidan Lester kuwa ba za ta iya cewa komai a kansa ba.

Ni na ji haushi, amma haushina na baki ne, in na yi faɗa da safe da yamma ya wuce. Na Lester daban.

Muna zaune a shagon kofi kusa da ma'aunin hatsi, inda tsofaffi ke haɗuwa, sai ga 'yan farautar sun shigo cin abinci kafin su bi wani hadarin zuwa Kansas. Mai gemun nan yana gaya wa abokinsa, ba da mugun nufi ba, bai ma san wa ke zaune a bayansa ba: "Maki biyu ai ba ya share gidan kirki. Ka san gine-ginen ƙauye, ƙusa ce kawai da fatan alheri."

Lester ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ɗauki hularsa, ya fita ya zauna cikin mota.

Ku gane, gidan nan shi ya gina shi, shekarar da ya auri Opal. Ubanta ya ce masa ko akurkin kaji ba zai iya tsayarwa ba, shi kuwa ya rantse zai gina mata gidan da babu iskar da za ta motsa. Shekara hamsin da ɗoriya yana faɗar haka a duk taro. Da wannan alfaharin ya sa ta cikin bahon, maimakon ya goya ta ya gangara ɗakin ƙasa.

Daga ranar ya daina cin abinci sosai. Babban abin kuma, ya ƙi zuwa asibiti. Kullum da uzuri: yau shinge ya faɗi, gobe mota tana wani ƙara. Opal tana bugo waya, Wilma tana ƙirƙiro masa dalili har ta gaji.

Na same shi a bayan gida yana zaune a kan bokiti.

"Kai tsohon banza, matarka tana can kwance, kai kana nan kana gadin bokiti?"

"Da wace fuska zan je, Orval? Ni na ce mata gidan zai tsaya."

"Ka sa noti! Ni na taya ka kwaɓa siminti, har ina yi maka tsiya cewa gida kake ginawa ko kurkuku."

"Wancan babban gidan ne. Kicin da banɗaki daga baya na ƙara su, ina sauri, girbi ya zo. Na kwana ina tunani, ban tuna na sa ba. Kuma ta can ya fara tashi."

"Ka sa. Ni na gaya maka."

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan yi murmushi na farko tun ranar. "Kai ne fa ka ce akwai tarwaɗa mai girman maraƙi a tafkinka."

Nan ne matsalar. Shekara da shekaru ina ba da labarin tarwaɗar nan. Ta taɓa jan kwale-kwalena daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ta taɓa haɗiye agwagwa ina kallo. Kowa a yankin ya san labarin, kuma saboda hassada babu wanda ya yarda. To yanzu da na ce bangon kicin ɗin Opal yana cikin tafkina, na gan shi ya faɗa, sai shagon kofi ya ɗauki dariya.

"Ƙila tarwaɗar ce ta yi odar kicin!"

"Orval, ka tabbata ba sama ka gani ba? Ita ma shuɗiya ce."

Na shiga kwale-kwale da sarƙa da ƙugiya, na yini ina ja. Na fito da tayar tarakta da wata tsohuwar kujera. Laka ta haɗiye sauran.

Da yamma Wilma ta ajiye waya, ta zauna, ba ta ko tsokane ni ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

"Opal ta ƙi tashi. Masu jinya sun kawo mata sandar koyon tafiya, ta ce a mayar. Ta ce in mijinta ba ya son ganin ta, ina za ta tafi da ƙafar? Likita ya ce mai shekarunta in ta daɗe a kwance, da wuya ta sake miƙewa."

Na ce, "Gobe zan fasa tafkin."

"Ka haukace? Zafi yana tafe. Shanu fa?"

"Rijiyar Lester tana aiki. Sai su sha can, shi ya ja."

Ta dube ni ta gefen ido. "Tarwaɗarka fa, maigida? Duk duniya za ta ga abin da ke ciki."

"Su gani mana. Sai dai su zo da babbar mota."

Ta tashi ta wuce kicin, da za ta gifta ta dafa kaina. Wilma ba ta dafa kan mutum a banza.

Na bugo wa Marcy, ta ce ba a rufe maganar makin ba tukuna, in na samo wani abu za ta zo da kanta. Labari kuma ya bazu. Da safe bakin tafkina ya cika maƙil, har da masu kujerun naɗewa da kulolin lemo. Kada ku zaci bango suka zo gani. Kifi suka zo gani. Lester ma sai da Wilma ta tasa ƙeyarsa, ya tsaya can nesa ƙarƙashin itace, hannu cikin aljihu.

Na hau katafila, na yanka madatsar da ni da ubana muka tara da jakuna biyu da shebur. Ruwan ya bi kwari yana ruri. Ba zan ce ban ji komai ba.

Ruwa yana ja, abubuwa suna fitowa. Ga kwanon rumbuna. Ga firjin wani, har yau ba a san mai shi ba. Ga ƙananan kifaye suna watsal-watsal, mutane suna ihu, "Ga maraƙin can! A'a, ɗan tsako ne!" Ni dai idona yana tsakiya, daidai inda na ga ruwa ya yi tsalle.

Rana ta take sai ga wani gefe ya ɓullo daga laka. Wata mata ta watsa masa ruwan kula. Shuɗi.

Na miƙe a kan katafila, na cire hula, na ce, "To, masu dariya, ina haƙoranku?"

Muka ɗaura sarƙa, tarakta biyu suka ja, laka ta sake shi da kyar. Bango ne guda, har da gurbin taga da ƙugiyar da Opal ke rataye tawul. Marcy ba ta jira an kawo shi gaɓa ba, ta faɗa cikin lakar har gwiwa. Ta share gindin da hannunta. Katakon gindi yana nan, a jikinsa ƙarafa a jere, kowanne da notinsa a ɗaure tam, kowanne kuma da dunƙulen siminti a ƙasansa kamar kan mutum.

Ba ta yarda nan take ba, kuma na girmama ta a kan haka. Ta sa muka ɗora bangon a tirela muka kai daɓen Lester. Ta auna, ta juya, ta sa aka matsa. Dunƙulen ƙarshe ya zauna cikin ɓantararriyar kusurwar daɓen daram, kamar haƙori a gurbinsa.

Ta miƙe, laka har haɓa, ta je wajen Lester.

"Baba Lester, kai ka gina nan?"

Ya gyaɗa kai, bai iya dubanta ba.

"Katakonka bai saki simintin ba. Simintin ne ya karye. Na ga gidajen manyan kamfanoni da ba a ɗaure su haka ba. Wannan guguwar huɗu ce, kuma babu ginin katako da zai tsaya mata, ko wa ya gina shi. Bahon nan da ka zaɓa shi ne wuri mafi kyau a cikin gidan."

Lester ya tsuguna, ya kama noti ɗaya yana gwada juya shi. Bai motsa ba. Kafaɗunsa suka fara rawa, mu duka muka juya muna kallon alkama, kamar mun ga wani abu a cikinta.

Can ya miƙe ya share fuska da hula.

"Orval, ba ni makullin mota."

"Kai da ba ka gani sosai? Hau, ni zan kai ka. In ka kashe kanka a hanya Opal ni za ta kama."

Haka muka shiga asibiti da lakarmu, masu jinya suna bin mu da tsumma. Opal tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Lester ya tsaya a bakin gado yana murza hula.

"Opal, huɗu ce. Na sa noti. Har a kicin ɗin."

Ta juyo ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan ne ya hana ka zuwa? Kai, Allah ya shirye ka, tsohon wawa. Ni fa na riƙe maka sifana ranar da ka ɗaure su, da cikin fari, kana ta mita girbi zai wuce ka. Da ka zo ka tambaye ni!"

Ta juya kaina. "Kai kuma aka ce ka fasa tafki?"

"Na fasa."

"Don abin da zan iya faɗa muku a waya."

"Ai ke ba kya ba da maki."

Ta yi dariya har ta dafe ƙugu. Sannan ta kira mai jinya ta ce a kawo sandar nan, tana so ta je taga ta ga irin ƙazantar da muka zo da ita a mota. Lester ya riƙe ta ta gefe guda, suka tafi a hankali, tana yi masa faɗan ya rame.

Yanzu suna sabon gida a kan tsohon daɓen, da ɗakin ɓuya na ƙarfe a ciki wanda ba shi da matattakala. Kicin ɗin shuɗi ne. Shanuna sun sha ruwan Lester har kaka, yana ta ƙorafin sun fi nasa sha. Na gyara madatsa, ruwan bazara ya cika tafkin.

Na san abin da kuke jira. Eh, an tsince kifayen cikin laka ranar, mata suka soya, babban cikinsu bai wuce tsawon hannuna ba. Har yau a shagon kofi in na shigo sai wani ya yi kukan maraƙi. Amma ku yi tunani da kanku. Guguwar da ta fizge siminti daga ƙasa, wadda hukuma da kanta ta ba maki huɗu, ta bi ta kan tafkina. Kuna zaton za ta ga kifi irin wannan ta bar shi? Tana can wani wuri a Kansas, wani manomi yana ba da labarinta ana ƙaryata shi. Rumbuna ma, duk abin da Marcy ta ce, guguwa mai maki huɗu ce ta kayar da shi, ku je ku tambaya.

Wanda bai yarda ba, ba sai mun yi musu ba. Watan Mayu, lokacin guguwa, yana tafe. Ya zo barandata ranar da sama ta yi koren nan na guguwa, ya zo da kofinsa, mu tsaya ni da shi in jiniya ta yi kuka, mu ga wa zai fara neman matattakala. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗaure Wilma tukuna.